Bangon gidan da nake son saye ya tsage: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Na samu gida da ya kwanta mini a rai, har mun kusa daidaitawa da mai shi. Sai dai a bangon waje na gefe ɗaya akwai tsaga da ta taso daga ƙasan taga ta gangara a karkace zuwa ƙasa, ga kuma wasu ƙanana birjik a jikin filasta. Dillali ya ce shafe ne kawai ya bushe, fenti zai rufe su. Ta yaya zan bambance tsagar da ba komai da wadda za ta cinye mini kuɗi?

Amsa: Malam, dillalinka ya faɗi gaskiya a rabi. Waɗannan ƙananan da ka gani birjik, masu kama da saƙar gizo-gizo ko busasshen taɓo, kusan kullum na filasta ne. Ko an yi shafen da siminti fiye da kima, ko yashin ya cika laushi, ko rana ta busar da shi kafin ya kama saboda ba a riƙa ba shi ruwa ba. Ka ƙwanƙwasa wurin da bayan makulli. In ka ji sauti a cike, shafen yana manne da bulo, fenti ma ya isa. In ka ji yana amsawa kamar ganga, ya rabu da bango, sai an kankare an sake. Aiki ne, amma ba ya hana sayen gida. Ɗaya rabin maganar tasa, wato tsagar da ta gangara a karkace daga taga, ita ce ban yarda a rufe da fenti ba sai an san abin da ya haife ta.

A aikina na injiniyan gini, abin da mutane suka fi tambayata shi ne faɗin tsaga: milimita nawa ne haɗari? Faɗi yana da amfani, zan zo kansa. Amma abin da nake fara nema shi ne ko tsagar ta tsaya ko har yanzu tana tafiya. Na ga bango mai tsagar da yatsa ke shiga, ta yi shekara talatin a haka ba ta ƙaru ba, aka cike ta aka manta. Na kuma ga wadda ba ta fi kaurin farce ba, amma bututun ruwa ne ke yoyo a ƙarƙashin harsashi yana kwashe ƙasa a hankali. Ta farkon ta fi ban tsoro a ido, ta biyun ce ta ci kuɗi.

Mu fara da faɗin tunda shi ne mai sauƙi. Hukumar binciken gine-gine ta Birtaniya, BRE, ta fitar da wani ma'auni a 1981, ta sabunta shi a 1995, kuma injiniyoyi a ƙasashe da dama suna aiki da shi. Ya raba ɓarnar zuwa mataki shida. Daga tsaga mai kamar gashi, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, zuwa mai milimita 1, zuwa mai milimita 5, duk waɗannan ukun matsalarsu ta ado ce, cikewa da fenti. Daga milimita 5 zuwa 15, ko kuma tsagogi da yawa da kowace ta wuce milimita 3, an shiga matakin da ƙofofi ke cijewa, ruwa ke ratsowa, sai an fasa wani sashe an sake ɗora bulo. Daga 15 zuwa 25 gyara ne babba. Abin da ya wuce milimita 25 kuwa magana ce ta ko ginin zai ci gaba da tsayuwa. Saboda haka ka tafi da rula mai milimita, kada ka auna da ido. Ido yana ƙara wa tsaga girma idan mutum na tsoro, yana rage mata idan gidan ya shiga ransa. Ka auna a wuri uku: sama, tsakiya da ƙasa. Wannan awon ukun ya fi lambar guda ɗaya faɗa maka gaskiya, ga dalili.

Bango ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Bulo da siminti suna jure danni ƙwarai, amma ba sa jure ja. Idan ƙasar da ke ƙarƙashin wani sashe na harsashi ta sauka, sashen bangon da ke kanta zai so ya bi ta, sauran kuma ya tsaya inda yake, sai ya yage a inda ya fi rauni. Raunin bango yana kusurwar taga da ta ƙofa, shi ya sa tsagar taka ta taso daga nan. Idan gefen gida ne ya nutse, ko tsakiya ta ɗago, tsagar takan yi faɗi a sama ta tsuke a ƙasa. Idan tsakiyar bangon ce ta nutse, sai ta buɗe a ƙasa ta tsuke a sama. Tsagar da faɗinta ɗaya daga farko har ƙarshe galibi ba ta ƙasa ba ce, ta kayan ginin ce, bushewa ko zafi.

Akwai wata dabara da nake koya wa yaran da ke bina wurin aiki. Ka tsaya gaban tsagar da ta karkace, ka zana wani layi a zuciyarka da ya gitta ta sak, ka bi shi zuwa ƙasa. Inda ya nuna, galibi nan ne ƙasa ta sauka. Wato sashen bangon da ke ƙarƙashin tsagar shi ne ya tafi. To sai ka taka zuwa wurin ka duba me ke can. Sau tari amsar tana tsaye tana kallonka: bishiya, ramin sokawe, bututun ruwan wanka, ko indararo mai zuba ruwan rufi a gindin bango.

A bangon da ba a yi wa shafe ba, tsagar nutsewa takan bi layin siminti tsakanin bulo, ta yi kamar matakala. In ta ratsa ta tsakiyar bulon kansa ta fasa shi, ƙarfin da ya ja ta ba ƙarami ba ne, ko kuma simintin ɗorin ya fi bulon ƙarfi. Abubuwa biyu za ka ƙara dubawa kafin ka bar gaban wannan bango. Na farko, ka shiga ɗakin da ke bayansa, ka ga ko tsagar ta fito a ciki a daidai wurin. In ta fito, ta ratsa bangon gaba ɗaya, batun "shafe ne kawai" ya faɗi. Na biyu, ka tsuguna ka bi ta zuwa ƙasa. In ta tsaya a sama da layin da ake shimfiɗa ledar hana danshi, mai yiwuwa matsalar ta bangon ce kaɗai. In ta wuce ta nutse cikin ƙasa, ka ɗan tona da hannu ko ƙaramin shebur idan mai gida ya yarda. Tsagar da ta kai harsashi daga harsashi ta fito.

A nan zan ɗan daɗe, domin ƙasa ce uwar yawancin tsagar da ke da tsada. Ƙasa mai yashi ko tsakuwa tana gama zamanta kusan lokacin da aka gama ginin, ba ta cika ba da matsala ba sai ruwa ya samu hanyar wanke ta. Yumɓu kuwa halinsa daban ne. Yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma wasu nau'o'insa, musamman baƙar laka mai darewa da rani har ƙafa ta faɗa, suna yin haka da ƙarfin da zai ɗaga gida mai hawa ɗaya. Gidan da ke kan irin wannan ƙasa da harsashi marar zurfi yana numfashi da shekara: tsagar ta buɗe da rani, ta rufe da damina. Canjin danshin yakan tsaya a saman ƙasa, mita ɗaya ko biyu, shi ya sa ake zurfafa harsashi ya wuce nan. Amma in akwai babbar bishiya kusa, saiwoyinta suna zuƙe ruwa daga zurfin da ya fi haka nesa ba kusa ba. A Ingila, farin 1976 ya tsattsaga gidaje masu yawan gaske a yankunan yumɓu, kuma tun daga lokacin kamfanonin inshora can suke sa ido sosai a kan bishiyar da ke kusa da bango. Turare yana cikin bishiyoyin da aka sani da yawan shan ruwa. Awon da ake yi a sauƙaƙe shi ne, idan nisan bishiya da bango bai kai tsawon da za ta yi in ta gama girma ba, kuma ƙasar yumɓu ce, to ana zarginta.

Kada ka ce to da ka saya sai ka sare ta. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Bishiyar da ta shekara ashirin tana busar da ƙasa, ranar da aka sare ta ƙasar za ta fara mayar da ruwanta, ta kumbura a hankali na tsawon shekaru, ta ɗago harsashin. Saboda haka in ka ga kututture sabon sara kusa da bangon da ya tsage, ka tambaya yaushe aka sare, kuma tsagar ta riga saran ko ta biyo bayansa.

Sai ƙasar ciko. Fili da yawa da ake gini a kai tsohon kududdufi ne, ko ramin da aka haƙi ƙasa, ko juji da aka binne. In ba a danne cikon sosai ba, ko akwai shara mai ruɓewa a ciki, zai riƙa sauka shekara da shekaru, kuma ba daidai yake sauka ba. Mai gida ba lallai ya faɗa maka ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Tsofaffin maƙwabta sun sani. Ka tambaye su me ke wurin kafin a yi gini, sannan ka duba katangunsu da bangayensu. Idan gida uku a jere duk sun tsage iri ɗaya, ba laifin birkila ɗaya ba ne, ƙasar wurin ce, kuma gyaran bangonka kaɗai ba zai canza ta ba.

Ruwa kuwa shi ne abin da na fi samu, kuma shi ne labari mai daɗi ga mai saye, don maganinsa ya fi araha. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a gini sau da yawa ruwan ne ke fara shiga ta ƙasa, tsagar ta biyo baya. Na taɓa duba wani gida da aka cike tsagar kusurwarsa har sau uku tana dawowa. Da muka tona gindin bangon, sai ga bututun ruwan banɗaki ya rabu a mahaɗa, ƙasar da ke ƙarƙashin harsashin ta zama kunu. Aka gyara bututu, aka jira ƙasa ta bushe ta zauna, sannan aka ɗinke bangon. Bai sake buɗewa ba. Don haka ka duba inda ruwan rufi ke sauka, ka duba ko tsakar gida ta gangara zuwa bango maimakon ta gangara nesa da shi, ka duba daɓen da ke zagaye da gidan ko ya nutse ya rabu da bango. In akwai mitar ruwa, a rufe duk famfunan gidan ka ga ko tana ci gaba da juyawa.

Ba kowace tsaga ce daga ƙasa ba, kuma sauran suna da sauƙin ganewa. Tsaga a miƙe tsaye, siririya, a tsakiyar dogon bango, yawanci bushewar bulon siminti ce. Bulon siminti yana tsukewa bayan an buga shi, in aka ɗora shi ɗanye a bangon zai ƙarasa tsukewar. Gasasshen jan bulo akasin haka yake yi, yana ɗan kumbura da shekaru. Shi ya sa ake barin tsaga da gangan a dogon bango, kamar kowace mita 6 a bulon siminti, kamar mita 12 a jan bulo. Inda ba a bari ba, bangon yana yi wa kansa. Haka tsagar tsaye a inda aka haɗa sabon ɗaki da tsohon gini: gini biyu ne masu harsashi biyu da shekaru daban, dole su rabu a mahaɗa. In siririya ce kuma faɗinta ɗaya, ba komai. In ta buɗe baki a sama, sabon ginin yana kifewa waje, wannan sai a duba harsashinsa.

Tsaga a kwance daidai ƙarƙashin rufin kankare aikin rana ne. Kankare yana miƙewa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari na milimita a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Rufi mai tsawon mita 10 da ya samu bambancin digiri 30 tsakanin tsakar rana da asuba zai motsa milimita 3, kullum, yana gogar bangon da ke ɗauke da shi. Ba ta rushe gida, amma tana shigo da ruwa, kuma in aka cike ta da siminti tsantsa za ta dawo; sai abu mai danƙo.

Wadda ba na so ka raina ita ce tsagar da ke bin tsawon fila (ginshiƙi), ko bim (dogon kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai), ko lintal ɗin saman taga, musamman in akwai jan tabo na tsatsa ko kankaren ya fara ɓantarewa. Wannan rodi ne ke tsatsa a ciki. Tsatsa tana cin wuri ninki biyu zuwa shida na ƙarfen da ta cinye, sai ta tura kankaren waje. Yana faruwa idan rodin ya yi kusa da fuskar kankare, ko kankaren bai da ƙarfi, ko akwai gishiri a yashin ko a iskar wurin. Faɗinta a ido kan yi ƙanƙanta, amma abin da ke ɗauke da nauyin gidan ne ke lalacewa, kuma inda ka ga ɗaya akwai wasu da ba su fito ba tukuna. Haka tsagar kwance a tsakiyar bangon da ya yi ciki ya turo waje, ko bangon da ke tare tudun ƙasa a bayansa. Ka ɗaura ƙaramin ƙarfe mai nauyi a igiya, ka sako shi daga saman bangon. Idan karkacewar ta kai ɗaya cikin ɗari, wato milimita 30 a bango mai mita 3, ta wuce abin da za ka yanke wa hukunci da kanka.

Yanzu ga wuyar lamarin. Hanyar da ta fi tabbaci wajen gane ko tsaga na tafiya ita ce a manna mata ma'auni a riƙa karantawa har shekara guda, don a ga rani a ga damina. Kai kuwa mai saye ne, ba wanda zai jira ka shekara. To sai ka karanci tarihinta daga jikinta. Ka haska fitila ciki. Tsohuwar tsaga cikinta baƙi ne, da ƙura da yanar gizo, bakinta ya goge, wani lokaci tsohon fenti ya shige ciki. Sabuwa cikinta fes yake, launin bulon a fili, bakinta da kaifi, har ka ga garin siminti a ƙasa. Mafi muhimmanci, ka nemi alamar tsohon gyara. Tsagar da aka cike ta sake buɗewa a kan cikon ta riga ta ba ka amsa: tana tafiya, ko aƙalla ta yi tafiya bayan gyaran. Shi ya sa nake zargin bango ɗaya da ya sha sabon fenti alhali sauran ukun sun koɗe. Ka je da sassafe ko da yamma lis, lokacin da rana ke haskar bangon ta gefe, ka kara kuncinka kusa da shi ka hanga. Duk facin da aka ɓoye zai fito kamar tabo a fata.

Cikin gida ma yana ba da shaida. Ƙofar da ke cijewa, ko wadda aka fere samanta a karkace don ta rufu. Taga da ba ta shiga gurbinta. Tayil da suka fashe a layi ɗaya suka nufi bangon da ake magana. Rata tsakanin silin da bango a kusurwa ɗaya. Ka ajiye ƙwallo ƙarami a daɓe ka ga ina ya nufa. Ɗaya daga cikin waɗannan kaɗai ba hujja ba ce, ƙofar katako tana kumbura da danshi, mai tayil ma yana kuskure. Amma idan uku suka taru a kusurwa guda, kuma ita ce kusurwar da tsagarka ta nuna, ba sauran shakka.

Ra'ayina game da naka gidan: ban ce ka gudu ba. Gidaje kaɗan ne ba su da tsaga, kuma wanda ya ce sai marar tsaga zai saya zai ƙare da sayen wanda aka fi iya ɓoye tasa. Idan ka auna ka samu ƙasa da milimita 3, faɗinta ɗaya, ba ta fito a ciki ba, ba ta kai harsashi ba, cikinta kuma tsoho ne, ni da kaina zan saya in cike ta. Idan ta wuce milimita 5, ko ta fi faɗi a gefe ɗaya, ko ta ratsa bangon, ko an taɓa cike ta ta dawo, kada ka biya ko sisi sai injiniyan gini ya duba, wanda kai ka ɗauko kuma kai za ka biya, ba wanda dillali ko mai gida ya kawo ba. Birkila, komai ƙwarewarsa, aikinsa rufe tsaga ne, kuma zai rufe ta da kyau. Tambayar me ya buɗe ta ba tasa ba ce. Ka nemi injiniyan ya sa a tona rami ɗaya ko biyu a gindin bangon don a ga zurfin harsashi da irin ƙasar da yake kai, a gwada bututun ruwan ƙazanta, sannan ya rubuta maka abu uku a takarda: sanadin, ko yana ci gaba, da abin da gyaran zai ƙunsa. Da wannan takarda za ka koma teburin ciniki. Gyaran bututu da ɗinke bango da ƙananan rodi abu ne da za a cire daga kuɗin gidan a wuce wurin. Ƙara wa harsashi zurfi daga ƙarƙashi kuwa aiki ne mai tsada da ɗaukar lokaci, kuma a kan ƙasar ciko mai zurfi ko shi ba lallai ya wadatar ba. A irin wannan ne kaɗai nake ce wa mutum ya haƙura ya nemi wani.

In mai gida ya hana a tona, ko ya ce akwai wani mai saye da kuɗi a hannu sai ka yanke yau, ka lissafa wannan a cikin shaidun. Kafin zuwan injiniyan, ka koma gobe da fensir, rula da waya. Ka ja ɗan layi a ƙarshen tsagar sama da ƙasa, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka ɗauki hoto da rular a kanta a wurare ukun nan. Ko mako uku ne tsakanin yau da ranar biya, in tsagar ta tsallake layin fensirinka, injiniyan zai so ya fara ganin wannan hoton kafin komai.